Gurasar kasuwa da gurasar gida: zamana da wani dattijo ɗan Afganistan a Jidda

Samartakata a bakin tanderun wani dattijo ɗan Afganistan na yi ta, a birnin Jidda. Shi ya riƙe ni lokacin da ba ni da kowa a ƙasar, kuma yanzu da ƙasa ta rufe idonsa ina ganin haƙƙi ne a kaina in faɗi irin mutumin da yake. Ba zan kama sunansa ba, don iyalinsa ba masu son a yi ta yawo da su a bakin duniya ba ne. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana, da Larabcinmu na kasuwa wanda kowannenmu a titi ya tsince shi.

Ni ɗan Jakara ne a Kano, mahaifiyata mai gurasa ce. Tun ban kai tsayin tanderu ba nake ɗebo mata kara, ina kallon yadda take liƙa ƙullu a jikin bango ta zare hannu kafin wuta ta lashe ta. A 2003 na tafi Umara na zauna, kamar yadda da yawa daga cikin sa'o'ina suka yi a wancan lokaci. Na yi dako a Bab Makka, na yi wankin mota, ina kwana a Karantina cikin 'yan'uwanmu da ake kira takari. Wata safiya ina layin sayen gurasar da ake kira tamis sai yaron da ke kan tanderu ya ƙone a hannu, layi ya tsaya cak, ƙullu yana ta kumbura a kan tebur. Na ce wa mai shagon na iya. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya miƙo mini matashin da ake ɗora ƙullu a kai. Na liƙa ta farko ta zauna, ta biyu ma ta zauna. Washegari ya ce in zo da ƙarfe 3 na dare.

Duk wanda ya je aikin Hajji ya san tamis, waccan faffaɗar gurasa mai ƙananan huji da ake ci da ful ko adas, wato dafaffen wake irin na Larabawa, riyal 1 a lokacin. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne kusan duk masu gasa ta Afganawa ne. Asalinta daga can wajen su ta zo, ita da shinkafar da ake kira bukhari, a hannun mutanen tsakiyar Asiya waɗanda da yawansu suka baro gida bayan sojojin Rasha sun ci birnin Bukhara a 1920, wasu suka bi ta Afganistan har suka dire Hijaz. Da yaƙi ya watsa Afganawa su ma, sai suka tarar da sana'ar tana jiransu.

Aikin ba na rago ba ne. Kafin kiran assalatu mun kwaɓa buhu, mun yanka ƙullu curi-curi, Baba yana aunawa da hannu ba ya duba sikeli. Ana idar da sallar asuba layi zai miƙe: Yamalawa, Bangalawa, Misirawa, 'yan ƙasa da fararen riguna, da namu mutanen. Tanderun na gas ne, an binne shi cikin dakali, mai gashi yana durƙushe a kansa. Ka buɗe ƙullu, ka buga masa huji, ka yayyafa riɗi da habbatus sauda, ka ɗora a matashi, ka sunkuya ka manna, sannan ka ciro wadda ta nuna da ƙarafa biyu, ɗaya mai ƙugiya ɗaya mai faɗin baki. Ga zafin wuta ga gumin Jidda da ba ya bushewa. Har yau gashi bai sake fitowa a hannuna na dama ba daga wuyan hannu zuwa gwiwa.

A watannin farko na lura da wani abu da ya ɗaure mini kai. Baba ba ya cin tamis. Mutumin da ya wuni yana sayar da ita, in ya ji yunwa sai dai ya sha koren shayi da hel, wani kayan ƙamshi, ya haƙura. Sai layi ya ƙare, wajen ƙarfe 10 na safe, zai rage wuta, ya jawo wata tsohuwar roba daga ƙarƙashin tebur wadda ya rufe da zane mai kauri. Ƙullun ciki daban yake. Garin alkama ne mai dusa, ba farar fulawa ba, babu sukari, babu mai, babu yis ɗin kanti. Da ɗan guntun ƙullun jiya mai tsami yake tayar da shi, kullum ya cire na gobe ya ajiye kafin ya gasa na yau. Sai ya ja shi dogo, ya jiƙa yatsunsa da ruwa ya ja layuka daga sama zuwa ƙasa, ya manna. In ta fito ba ya barin kowa ya taɓa sai ya naɗe a zane ya aika gida. Ranar da na tambaye shi, cewa ya yi: "Waccan ta kasuwa ce, ɗana, da ita nake biyan haya. Wannan ita ce gurasa." Ya yago mini gefe. Tana da tauri a baki, da ɗan tsami, ga ƙamshin alkama da ke tsayawa a maƙogwaro. A ranar ban ji daɗinta ba sosai, sai daga baya bakina ya koya.

Mutumin Shamali ne, wani faffaɗan kwari da ke arewa da Kabul, a kan hanyar Charikar, kusa da Istalif garin masu tukwane shuɗɗa. Ƙasar inabi ce. Bai cika son zancen yaƙi ba, amma in aka taɓo inabi sai ka ga ya gyara zama. Ya ba ni labarin ɗakunan ƙasa masu tagogi ƙanana birjik da suke rataye inabi a ciki iska ta busar da shi ya zama zabibi kore, ba tare da rana ta taɓa shi ba. Ya ba ni labarin kangina: a ƙera kwano biyu da laka da ƙaiƙayi, a busar, a zuba lafiyayyen inabi, a kife ɗaya a kan ɗaya a liƙe bakin da laka, a ajiye a wuri mai sanyi. Bayan wata 5 ko 6, ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai a fasa a tarar da inabi ɗanye shar. Ya ce aikinsa ne yana yaro ya fasa wa kakarsa, suna zaune an zura ƙafafu ƙarƙashin sandali, wato ɗan teburin da ake sa garwashi a ƙasansa a lulluɓa da babban bargo, gida kaf a kewaye. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara tana sauka ba sai in saki baki ina ji.

Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga ƙasarsu a Disambar 1979. Shamali tana kan hanyar da motocin yaƙi ke bi daga arewa zuwa Kabul, ga sansanin Bagram a tsakiyarta, don haka ba su ga da kyau ba. Bayan jirage sun yi wa ƙauyensu ruwan wuta, ya kwashi matarsa da jaririyarsu suka bi duwatsu da dare har Pakistan, suka sauka a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Peshawar. Ba su kaɗai ba ne, kafin a kai 1990 Afganawa kimanin miliyan 6 ne suke zube a Pakistan da Iran. Abin da ya riƙe daga zaman sansani shi ne alkamar agaji da shayi, safe da dare. A can ya koyi gashi a wajen wani mai tanderu, don shi manomi ne tun asali. Daga can ya samu hanyar Saudiyya, daga baya ya ɗauko iyalinsa. Rashawa sun fita a Fabrairun 1989, ya ce ya fara tara kuɗin komawa, sai mujahidai suka juya bindiga a kan junansu a Kabul daga 1992. Ya ci gaba da jira. A 1999, lokacin da Shamali ta zama fagen daga tsakanin Taliban da mayaƙan Ahmad Shah Mas'ud, aka kori mutanen kwarin daga gidajensu, aka ƙone ƙauyuka, aka sassare kurangar inabi, aka rusa hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da suke kira karez. Gonar mahaifinsa tana ciki. Tun daga ranar da labarin ya iso shi bai ƙara sa inabi a baki ba. Na sha ganin an kawo masa kyauta a kwali, mai kyau, ya yi godiya, ya miƙa mana.

Da na shekara biyu a wajensa sai ya fara kai ni gida ranar Juma'a. Ɗaki biyu ne a saman wani tsohon bene a Hindawiyya. Ana shimfiɗa dogon zane a ƙasa, dastarkhan, ƙaramin ɗansa ya zagayo da buta da tasa a wanke hannu. Matarsa, wadda nake kira Inna, daga bayan labule muke gaisawa, amma hannunta na san shi sarai. A nan na gane shinkafar da ake sayarwa a gidajen abinci da sunan bukhari, mai tumatir da kaza, ba ita suke ci ba. Tasu da romon rago ake dafa ta, a binne naman a ƙasa, a watsa karas da aka yanka siri-siri da wuƙa da zabibi a sama, a naɗe murfin tukunya da zane a bar ta ta turara. Ana yin mantu ma, ƙullu mai nama a ciki, a madambaci in an yi baƙi. Amma abincin da ke tayar wa gidan nan da hankali shi ne ashak.

Ashak ƙullu ne da ake murzawa fale-fale, a cusa masa wani ganye mai suna gandana, a liƙe, a dafa a ruwa, a kwanta shi a kan kindirmo mai kauri da tafarnuwa, a zuba miyar nama a sama, a barbaɗa busasshiyar na'a-na'a. Matsalar ita ce gandana. Akwai ganyen da Larabawa ke sayarwa mai kama da shi, Inna tana amfani da shi in ba yadda za ta yi, amma Baba da ya kai loma ɗaya zai girgiza kai. Don haka ya hau rufin bene ya jera gwangwanayen man girki da ya yanke wa baki, ya cika su da ƙasa, yana shuka irin da alhazan ƙasarsu suke kawo masa a ƙulle cikin ƙyalle. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ganyen yakan yi kyau, a yanka ya sake tohowa. Da zafi ya shigo sai ya fara rawaya. Ya yi masa rumfa da buhu, ya riƙa hawa da ruwan da ya sanyaya a firij, ni ma na sha hawa da jarka bayan mun tashi daga aiki ƙafafuna suna rawa. Duk da haka kafin Yuni ya ƙone ƙurmus. Kowace shekara haka, kuma kowace shekara sai ya sake shukawa. Wasu abokan aikinmu suna ganin wahalar banza ce, ganye ne fa kawai. Ni ban taɓa ganin haka ba. Mutumin da aka raba da gonar inabi, in ya ce zai yi noma a gwangwani, ai sai a taya shi ɗaukar ruwa.

Lokacin Hajji shi ne kakarsa. Yakan tafi masaukin alhazan Afganistan yana tambaya ko akwai mutumin Parwan, ko na Panjshir, lardunan da ke can wajen Shamali. Ba ya dawowa hannu rabbana. Wani ya ba shi tut, wasu 'ya'yan itace ƙanana masu zaƙi da ake busarwa, wani ya ba shi talkhan, wato tut ɗin da aka daka da jauz, wani ɗan itace mai ɓawo da ake cin ƙwayarsa, ya dunƙule ya yi tauri, guzurin matafiya da mayaƙa a cikin duwatsu. Wani kuma ya ba shi kurut, kindirmo ne da aka tace aka sa gishiri aka cura aka shanya har ya bushe ƙamas. Shi kuma ya cika musu jaka da tamis da dabino, ya ƙi karɓar ko sisin kwabo.

Da kurut ɗin nan yake yin abincin da na fi tunawa da shi. Ba ya sa Inna, da kansa yake yi a bayan shago, kuma na gane ba ya yin sa sai ranar da wani labari ya zo daga gida: rasuwa, ko tashin bam a Kabul, ko wani ɗan'uwa da aka daina jin ɗuriyarsa. Zai jiƙa curin a ruwan ɗumi, ya zauna a kan buhun fulawa da kwano tsakanin gwiwoyinsa, ya yi ta goga su a jikin kwanon da tafin hannu. Abin yana cin lokaci, ƙarar gogar kaɗai kake ji, har ruwan ya yi fari ya yi kauri. Ya ɗora a wuta kaɗan ba ya bari ya tafasa. Ya kakkarya busasshiyar gurasarsa ta jiya a faranti, ya kwarara a kai, ya soya albasa da tafarnuwa ya juye da man, ya murtsuke na'a-na'a a tsakanin tafukansa. Kuruti suke ce masa. Sai ya ce, "Zo, ɗana, sa hannu." Abincin talaka ne na lokacin hunturu, mai tsami da gishiri, abin da mahaifiyarsa take ba su in nama ya ƙare. Muna ci ba ya magana. In mun gama ya shafa fatiha, ya ambaci wanda ya rasu, ya tashi ya wanke kwanon da kansa.

A 2005 ya je gida, tafiyarsa ta farko tun fitowarsa. Na riƙe shagon wata guda. Da ya dawo ya rame, kuma bai ba da labari da yawa ba. Ya ce a bakin hanya duwatsu ne aka shafa wa fenti, fari inda aka cire nakiya, ja inda ba a cire ba, kuma gonarsu tana bayan jajayen. Daga nesa ya tsaya ya hango kututture. Amma bishiyar tut ɗin da ke ƙofar gidansu tana nan, wuta ta ci gefe ɗaya, ɗaya gefen yana 'ya'ya. Wani ɗan baffansa da ya koma ya ba shi busassun 'ya'yanta cikin ƙaramin buhu. Wannan buhun sai da ya kusa shekara biyu a gidan. Ba ya ci shi kaɗai. Bayan sallar Juma'a zai ɗebo cikin tafin hannu ya raba wa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ni ma a ba ni nawa, yana cewa, "Ku ci, daga ƙofar gidanku ne."

'Ya'yan kuwa ba su san ƙofar ba. Babbar a goye aka fito da ita, sauran a Peshawar da Jidda aka haife su. Autan, wanda shekarunsa ba su kai nawa ba kuma yake ce mini yaya, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Dari, harshen iyayensa, kuma in ka ba shi zaɓi kazar gidan abincin Albaik zai ɗauka. Gurasar uban tana yi masa tauri, kuruti kuwa ko warinsa ba ya so. Baba bai taɓa yi masa faɗa a gabana ba, sai dai ya bi shi da ido in ya ture farantin. Ban ga laifin yaron ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. An haife shi a ƙasar da ba za ta taɓa ba shi takardar zama ɗanta ba, ana kuma ce masa ɗan wata ƙasa ce da bai taɓa takawa ba. A 2015 ya bi ayarin da suka ratsa Turkiyya suka haye teku, Allah ya yi masa gyaɗar dogo ya isa Jamus, ya zauna a Hamburg inda mutanensu suke da yawa.

A shekarun ƙarshe bayan Baba ya ƙi, ba ya iya sunkuyawa cikin tanderu. Sai ya zama ni nake gasa gurasar gida. Yana zaune a kujera yana gyara mini: ruwan ya yi yawa, ka bar shi ya ƙara kwanciya, jiƙa yatsunka, kada ka danna har ya huje. Robar ƙullun tsamin ma ni nake ciyar da ita. A 2017 da hukuma ta ba marasa takarda damar fita ba tare da tara ba, mahaifiyata kuma jiki ya yi nauyi, na yanke shawarar dawowa. Ya raka ni har bakin mota da sandarsa. Ya cusa mini kuɗi a aljihu wanda ya fi abin da nake bin sa nesa ba kusa ba, da ƙullin kurut, ya ce in gai da mahaifiyata in ce mata ta iya koyarwa.

Ya rasu a 2019, aka binne shi a Jidda. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Inna ta koma wajen babbar 'yarta a Pakistan, ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi. A 2022 rusau ya bi ta kan tsofaffin unguwannin Jidda, Hindawiyya da Karantina da Sabil duk suka tafi, wani abokina ya turo mini bidiyon fili fetal inda shagon yake. A ƙarshen 2023 kuma Pakistan ta fara korar Afganawa marasa takarda, babbar 'yar da 'ya'yanta suka tsallaka iyakar Torkham zuwa ƙasar da ta baro tana jaririya.

Ni yanzu ina da ɗan shagona a Kano, ina gasa tamis, alhazai da tsofaffin 'yan Jidda su ne manyan masu sayena. Bara da azumi sai ga kira ta WhatsApp daga lambar waje. Autan Baba ne, ya nemo ni ta hannun mutum uku. Ya yi aure, yana da 'ya mace. Bayan mun gaisa mun yi wa juna ta'aziyya sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, gurasar Baba. Ta gida. Akwai ta Afganawa a nan ko'ina, na saya na saya, ba ita ba ce. Yayata ta ce ita ba ta taɓa kwaɓawa ba, daga shago ake kawowa. Kai kaɗai ka rage." Sai da na nemi wuri na zauna.

Tun daga ranar muke aiki. Na koya masa yadda zai tayar da ƙullun tsami daga gari da ruwa, tunda na Baba ya tafi da shagon. Na farko ya ruɓe, na biyu ya kama. Garin Jamus ba ya shan ruwa kamar wanda muka saba da shi, sai da ya gauraya iri biyu. Babbar matsalar wuta ce, don murhun lantarkin gidansa ba ya wuce digiri 250, gurasar sai ta bushe kafin ta nuna. Na tuna Baba ya taɓa gaya mini cewa a Kabul mata daga gida suke kai ƙullunsu wajen mai tanderu ya gasa musu a biya shi ladan wuta. Na ce ya gwada. Ya samu wani mai gashi mutumin Herat a wajen titin Steindamm, ya yi masa bayani, mutumin ya ce ya riƙa kawowa ranar Asabar bayan layi ya ragu, kuma ba zai karɓi kuɗi ba.

Makon jiya ya turo hoto, layukan yatsu sun fito daidai, amma ya ce har yanzu da saura a ɗanɗano, in faɗa masa gishiri giram nawa ne. Na ce masa ni ban san giram ba, Baba cikin tafin hannu ɗaya yake zubawa a kwaɓin gida, kuma hannunsa ya fi nawa da nasa faɗi, don haka ya cika nasa ya ɗan ƙara. Zai sake kwaɓawa ranar Juma'a da dare, in Allah ya kai mu.